Haɗin Gambizar Darussa a Firamare

A hutun da ya wuce ɗan ƙanwata, yaro ɗan aji uku a wata makarantar kuɗi, ya shigo falo da kwali a ka yana murna. Madatsar ruwa ce ya gina, har da shuɗin fenti da ɗan kwale-kwale na takarda. Uwarsa ta ce, "Yaya, ai makarantarsu ta zamani ce. Jigon wannan zangon shi ne ruwa. Lissafi, Turanci, kimiyya, duk a kan ruwa ake yi." Na yaba aikin, don ya yi kyau. Sai na ɗauki biro na rubuta masa 52 a cire 17. Ya yi shiru, ya taɓe baki, ya rubuta 45. Ya cire ɗaya daga biyar, ya cire biyu daga bakwai. Babu wanda ya zauna ya koya masa aro daga gidan goma, don zangon ya ƙare a ƙirga jarkokin ɗan garuwa.

Wannan salo ne masu makarantu da masu shirya bita ke ta tallatawa yanzu: a rushe katangar da ke tsakanin darussa, a zaɓi jigo ɗaya, kasuwa ko gona ko sufuri, a rataye komai a jikinsa. Hujjarsu ita ce rayuwa ba a yanke take gunduwa-gunduwa ba, don me za a yanka wa yaro ilimi? Maganar tana da daɗin ji. Ni dai ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo.

Lissafi tsani ne. Wanda bai taka matakin tarawa da ɗebewa ba, ba zai hau na sau da rabawa ba, kuma jigo bai san wannan jeri ba. Idan jigon ruwa ne, malami zai lalubo lissafin da ya dace da bokiti, ko da abin da yaron ke buƙata a makon wani abu ne daban. Karatu ma haka yake. Malaman allo sun daɗe da gane wannan: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kafin a bar kolo ya fara jan aya da kansa. Ba a taɓa jin alaramma ya tsallake babbaƙu don ya ga yara sun gaji da su ba.

Kuma salon ba sabo ba ne, tsohon zane ne aka sake rinawa. Tarayyar Sobiyet ta gwada shi daga 1923, ta narkar da darussa cikin manyan jigogi uku, wato halitta da aiki da al'umma. A 1931 kwamitin ƙoli na jam'iyyar Kwaminis ya soke tsarin, saboda yara na fitowa ba su ƙware a karatu da lissafi ba. Ingila ta rungumi irinsa bayan rahoton Plowden na 1967. A 1992 wasu masana uku da gwamnati ta naɗa, Robin Alexander da Jim Rose da Chris Woodhead, suka duba azuzuwan firamare, suka tarar da yawancin aikin jigo tsinte-tsinte ne marar zurfi.

Da ka yi wannan magana sai a jefo maka Finlan. Wai sun soke darussa. Ba su soke ba. Manhajarsu ta 2016 ta ce kowace makaranta ta shirya aƙalla aikin haɗaka guda ɗaya a shekara, sauran lokaci lissafi na nan a matsayin lissafi. Sunan da suka yi a jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA ma tun kafin wannan manhaja ne: maki 548 a lissafi a 2006, ya sauko zuwa 484 a 2022. Ban ɗora wa jigo laifin faɗuwar ba, domin ta fara tun kafin zuwansa. Amma ba shi ya kai su sama ba. Malamin aji a can sai da digiri na biyu yake riƙe alli.

Mu fa? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Ko da mutum yana da ja a kan yadda aka yi jarrabawar, ya san halin da azuzuwanmu ke ciki. Haɗa tarihi da kimiyya da lissafi a darasi ɗaya aikin wanda ya ƙoshi da kowannensu ne. Ka ba da shi ga malamar da ke fama da yara ɗari a kan tabarma, sai abin ya koma waƙa da tafi da zane. Mun ma ɗanɗana haɗin a takarda, lokacin da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta cusa darussan addini da zamantakewa da tsaro a ƙarƙashin inuwa ɗaya, aka yi ta hayaniya har aka ware na addini a 2017.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda salon ke rufa wa makaranta asiri. Kwali da fenti ana ganinsu, ana ɗaukarsu hoto a tura wa iyaye a WhatsApp. Yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar kuwa yana iya ɓuya a cikin aikin rukuni shekara guda, shi ne mai riƙe almakashi. Ɗan mai hali zai samu malamin lesin da yamma ya cike masa giɓin. Ɗan talaka ne zai kai aji shida a haka.

Ban ce kada a kai yara kasuwa su ga yadda ake awo da mudu ba. A kai su, ranar Juma'a ko ƙarshen zango, bayan sun iya abin da za su auna da shi. Safiyar Litinin zuwa Alhamis kuwa a bar wa karatu da lissafi, kowanne da lokacinsa da jerinsa.

Iyaye, idan ɗanku ya kawo kwalinsa, ku yaba masa. Bayan sallar isha'i kuma ku buɗe littafin da bai taɓa gani ba, ku ce ya karanta muku layi uku, ku rubuta masa 52 a cire 17. Abin da ya rubuta shi za ku kai wa hedimasta kafin ku biya kuɗin zango mai zuwa.