Bayan janyewar Microsoft daga Windows 10: wa ke riƙe da linzamin kwamfutocin ma'aikatu?

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro kyauta ga Windows 10, kuma a wannan rana ce ya janye hannunsa daga Office 2016 da Office 2019. Ba kwamfutar da ta mutu a ranar. Washegari sakatarorin ma'aikatu daga Yamai har Damagaram sun kunna nasu, Word ya buɗe, Excel ya buɗe, takardar albashi ta fito kamar kullum. Shi ya sa labarin ya wuce shiru. Sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet za su gano a cikin waɗannan manhajoji nan gaba, ba mai zuwa ya toshe ta, kuma a irin waɗannan na'urori ne ake ajiye lissafin bankuna, sunayen majinyata da jerin ma'aikata.

Mai kwamfuta ɗaya a gida lamarinsa da sauƙi. Wahalar tana ga ma'aikatar da ke da na'urori hamsin ko ɗari biyu, wasu a Yamai, wasu a rassan Maraɗi da Tawa, ga ma'aikacin da ke kula da su mutum ɗaya ne ko biyu. Dabarar da aka saba da ita ita ce ya ɗauki kile, ya bi buro-buro yana sa manhaja da hannu. Kafin ya gama zagaye, wata sabuwar mizajur, kamar yadda masu aikin ke kiran sabuntawa, ta riga ta fito, domin Microsoft na sakin gyare-gyarensa kowace Talata ta biyu a wata.

A manyan kamfanoni tuni aka bar wannan wahala. Ma'aikacin yana rubuta jerin umarni ne sau ɗaya, na'urorin su bi da kansu. Ga Office, Microsoft na ba da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Office Deployment Tool. Ana rubuta mata ɗan fayil ana faɗa mata abin da ake so: wane Office, da wane harshe, Faransanci ko Ingilishi, waɗanne sassa za a bari, daga ina za a riƙa ɗauko sabuntawa. Umarni ɗaya zai sauko da kayan gaba ɗaya zuwa uwar kwamfutar ma'aikatar, wani umarnin ya girka su a kan sauran na'urori. In aka haɗa da ƴan layuka na PowerShell da agogon da ke cikin Windows, aikin zai riƙa gudana da dare ba tare da an taɓa komai ba.

A ƙasar da intanet ke da tsada kuma kuran ke ɗaukewa ba sallama, amfanin wannan a fili yake. A ce kayan Office gigabait 3 ne. Na'ura hamsin, kowace ta sauko da nata, gigabait 150 ke nan a kan layi ɗaya da kowa ke aiki da shi. In uwar kwamfuta ta sauko da su sau ɗaya ta rarraba ta cikin gida, 3 ɗin nan kaɗai aka kashe. Reshen da layinsa ba ƙarfi ma ana iya aika masa kwafin a faifai ta motar haya.

Abin da sakaci ke jawowa kuwa an gan shi. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila an soke ganin likita kusan 19,000, a Faransa kamfanin Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Maganin yana nan tun kafin cutar ta zo, ba a sha ba ne kawai.

To amma hanyar da ke kai magani ko'ina cikin dare ɗaya, ita ce kuma ke kai guba. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Nijar, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil mai kuskure ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Cikin minti 78 ya janye shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya cik, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows, sai dai su ne na bankuna, asibitoci da filayen jirgin sama. Kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Abin haushin, yawancin na'urorin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu aka goge fayil ɗin, wato an koma ga mai kile da ake ganin zamaninsa ya wuce. A 2017 ma, cutar NotPetya ta shiga ne ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta Ukraine mai suna M.E.Doc, ta kuma jawo wa kamfanin jiragen ruwa Maersk asarar dala miliyan 250 zuwa 300.

Saboda haka tambayar da ya kamata daraktan ma'aikata ya yi wa mai kula da na'urorinsa ita ce: wa ke yanke ranar da sabuntawa za ta shiga, kuma a kan na'ura nawa ake gwada ta tukuna? Bayan abin da ya faru, CrowdStrike da kansa ya yi alkawarin riƙa tura sabuntawa kashi-kashi. Ma'aikatar da ke sauko da kayan Office zuwa uwar kwamfutarta tana da wannan dama a hannunta. Za ta iya fara sa wa na'urori biyar, ta jira kwana biyu ko uku ta ga ko firinta da manhajar lissafi na tafiya daidai, sannan ta saki ga sauran. Kuma mai hankali ba ya taɓa kwamfutar akanta a makon biyan albashi.

Akwai kuma maganar da ba a cika son faɗa a fili ba. Kwamfutoci da dama, musamman na hannu da ake saye a kasuwa, suna zuwa ne da Windows da Office marasa lasisi, kuma masu gyara kan kashe sabuntawa da gangan don kada manhajar ta gane ta kulle. Jerin umarni, komai kyansa, ba zai gyara wannan ba. Wasu hukumomi a Turai sun zaɓi wata hanya: jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa Linux, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, wanda kyauta ne. Shi ma dai yana buƙatar mai sabunta shi, da mai koya wa ma'aikata.

Shi kansa jerin umarnin dukiyar ma'aikata ce. Yana aiki da cikakken iko a kan kowace na'ura, don haka wanda ya samu damar canza layi ɗaya a cikinsa ya mallaki gidan duka. In kuma wani ɗan kwangila ne ya rubuta shi ya tafi ba tare da ya bar bayani a rubuce ba, ranar da ya tsaya ba wanda zai san inda aka kwana.

Ga na'urorin da Windows 11 ba zai hau kansu ba saboda rashin guntun tsaro na TPM 2.0, Microsoft na sayar wa kamfanoni ƙarin wa'adi har shekara uku: dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, wajen jika 35 na sefa, kuma kuɗin na ninkawa kowace shekara. Wannan na Windows 10 ne kaɗai. Office 2016 da 2019 ba su da irin wannan wa'adi ko da kuɗi.