A Daina Raina Canza Hoton Folda



Akwai masu cewa canza hoton folda a kwamfuta aikin yara ne, ƙwalisa ce kawai ta wanda ba shi da abin yi. Ni dai ban yarda ba, musamman a gidajenmu na 'yan kasuwa.

Ku duba yadda muke a nan Shagamu. Iyayenmu ne masu dukiyar, su suka san huhun goro nawa aka ɗora zuwa kasuwar Mariri a Kano, su suka san wa ya biya wa ya rage. To amma da yawansu allo suka yi, da ajami suke rubuta lissafinsu. Ranar da lissafin ya koma kwamfuta sai ya zama ɗa ne kaɗai ke iya buɗe shi. Maigida ya zauna gaban na'urar da ya saya da kuɗinsa, ya ga foldoji ashirin duk ruwan ɗorawa iri ɗaya, sunayensu da boko. Dole ya jira yaro ya dawo daga kallon ƙwallo kafin ya san bashin da yake bi. Wannan bai dace ba wallahi.

Amma sa hoton goro a kan foldar goro, hoton mota a kan ta kuɗin lodi, ka ga Baba da kansa zai kai hannu. Lamba kuwa ai ba ta gagare shi ba, a waya yake danna ta kullum.

Aikin ma ba wuya, tun Windows XP ta 2001 yake nan. Ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan foldar, ka shiga Properties, sai Customize, sai Change Icon. Za ka ga hotunan da suka zo da Windows ɗin. In naka kake so, sai ka fara mayar da hoton zuwa fayil mai ƙarshen .ico, don nan wurin ba ya karɓar hoton waya kai tsaye. Windows za ta rubuta inda hoton yake a wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini cikin foldar. Shi ya sa in ka goge hoton ko ka sauya masa wuri, foldar ke komawa yadda take da. Ka ware masa wuri guda ka bar shi nan.

Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Duk mai kai filashinsa shagon buga takardu ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldojinka na gaskiya ta ajiye na bogi masu suna iri ɗaya. Yawanci hoton folda na gama-gari take ara. To in ka saba ganin goro a kan foldarka, yau kuma ka gan ta ruwan ɗorawa, sai ka dakata kafin ka danna. Ba magani ba ne, ƙararrawa ce. Sai dai a kula, a filashi hoton kan ɓace don kawai an canza kwamfuta, tunda adireshinsa na tsohuwar yake nunawa.

Inda na yarda da masu suka shi ne in an wuce gona da iri. Na ga wanda ya sa tambarin Arsenal a kan kowace folda, to me ya canza? Kuma don Allah kar a sa hoton damin naira a kan foldar masu bashi. Shago ne, kowa na leƙowa, kuma sirrin wanda ya ci bashi amana ne. Mu a wajenmu hoton buta muka sa mata, Baba ne ya zaɓa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.