Iska ta kayar da turaku, amma bil bai ragu ba

Duk shekara, daga watan Mayu zuwa Yuni, iskar da ke rako ruwan farko takan yaye kwanon rufi, ta karya bishiyoyi, ta kwantar da turakun wutar lantarki. Wannan ikon Allah ne, babu mai ja. Abin da nake ja da shi shi ne takardar bil da ke isowa ƙarshen wata da kuɗinta cif-cif, sai ka ce wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

A layinmu bana turaku suka faɗi, waya ta kwanta a ƙasa. Muka kai rahoto ofishin kamfanin wuta, aka ce babu kayan aiki. Mai unguwa ya tara mu aka yi karo-karo gida-gida, muka sayi turaku da waya, muka sallami masu hawa. Kafin a gyara, mai niƙa ya koma injin dizal, mai ƙanƙara ta kashe firji ta zauna, tela yana ɗinki da janareta. Wata na ƙarewa, bil ya zo daidai da na watan baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai mitar iya-kuɗinka-iya-shagalinka ba ruwansa: in babu wuta, katinsa na nan. Wanda ake zalunta shi ne mai bil na ƙiyasi, kuma kusan rabin masu amfani da wuta a Najeriya ba su da mita.

Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta san da wannan cuta. A 2016 ta soke kuɗin dole na wata-wata, a kan cewa mutum ya biya abin da ya sha kawai. A 2020 ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa marar mita. A Fabrairun 2024 ta ci kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya tarar sama da naira biliyan 10 saboda sun wuce wannan iyaka. To amma akwai ɓaraka. Ana lissafin iyakar ne da wutar da ta bi babban layin da ke ciyar da yanki. Iska kuwa sau da yawa ƙananan turakun cikin unguwa take kayarwa, babban layi yana nan da wutarsa. A takarda an ba ku wuta. A gida kuna kunna fitilar waya.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Ranar da aka kai rahoton faɗuwar turaku a rubuta ta, ranar da aka dawo da wuta a rubuta ta, a cire kwanakin tsakani daga bil na kowane gida marar mita. Kada a ɗora tsani don yanke wa kowa wuta a kan bashin kwanakin duhu. Turaku da taransifoma kuwa kayan kamfani ne, gyaransu a wuyansa yake. In jama'a suka saya, a rage musu a bil.

Mu ma mu daina kai ƙara da baki. A rubuta takarda da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu, a ajiye kwafi. In ofishin kamfani ya yi shiru, a wuce dandalin sauraron koke na NERC. Wutar da ba a sha ba, karɓar kuɗinta cin haƙƙi ne, ko da naira ɗaya ce.