Ƙungiyar Daughters of Charity: daga allo zuwa gadon tsufa

An kafa ƙungiyar Daughters of Charity a birnin Paris ranar 29 ga Nuwamba, 1633, a hannun limamin Katolika Vincent de Paul da Louise de Marillac, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. A zamanin, matar da ta sadaukar da ranta ga ibada kulle ake yi mata a gidan sistoci. Waɗannan biyu suka ƙi wannan tsari, suka ce talaka ba a bayan katanga yake ba. 'Yan matan ƙauye ne suka fara amsa kiran, suna bin unguwanni da tukunyar miya da magani. Ta farkonsu, Marguerite Naseau, makiyayiya ce da ta koya wa kanta karatu, kuma annoba ta kashe ta a 1633 bayan ta kwantar da wata mai cutar a shimfiɗarta.

Aikin ya faɗaɗa daki-daki. A 1638 suka fara ɗaukar jariran da ake yarwa a titunan Paris. Cikin 1640 aka damƙa musu jinyar marasa lafiya a asibitin Saint-Jean da ke Angers, inda Louise ta tsara aiki tsakanin likitoci da masu jinya. A 1641 ta samu izinin buɗe makarantar kyauta ga 'ya'ya mata na talakawa, waɗanda ba wanda ya damu su iya rubuta sunansu.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne gidan tsofaffi na Nom-de-Jésus, wanda aka buɗe a 1653 da kuɗin wani attajiri da ya nemi a sakaya sunansa. Tsofaffi 40 aka ɗauka, maza 20, mata 20, galibinsu masu sana'ar hannu da ƙarfi ya ƙare musu. Ba ci da kwanciya kawai aka ba su ba. An kawo masaƙa da kayan aiki, kowa ya riƙa taɓa sana'arsa gwargwadon ikonsa. Hikimar a fili take: yunwa na kashe tsoho, amma jin cewa ya zama kaya ya fi saurin karya shi.

Vincent da Louise sun rasu a 1660, lokacin da ƙungiyar ke da gidaje sama da 40 a Faransa, har da reshe a Poland. Juyin juya halin Faransa ya rushe ta a 1792, aka dawo da ita a 1800, daga nan ta bazu cikin nahiyoyi, ta iso Najeriya a 1963.

Sirrin ɗorewarta shi ne ba ta raba rayuwar talaka gida-gida ba. Yarinyar da ke aji yau ita ce majinyaciyar gobe, ita ce kuma tsohuwar jibi. Duk ƙungiyar agaji, ta kowane addini, da ta gina makaranta da asibiti ta mance da tsofaffi, ta bar aikinta rabi da rabi.