Abin da hannunka ya yi ya fi daɗi

Yara, akwai wata magana da ake ji a bakin wasu ƴan lakwal. Suna cewa wanda ya iya riƙe alƙalami bai kamata ya taɓa laka ko baƙin mai ba. Ni ban yarda da wannan magana ba. A ganina, yaron da ya rena aikin hannu ya hana kansa wani daɗi wanda kuɗi ba su saye.

Ku duba motar kara. Bayan girbi, karan dawa yana ko'ina. Yaro ya zaɓi mai kauri, ya ɓare shi, ya yanka totuwa daidai da daidai. Ya fere sakaina, ya fid da ƙafafu huɗu. In ƙafa ɗaya ta fi sauran girma, motar ba ta tafiya sosai, sai ta riƙa karkacewa. Dole ya sake awo, ya sake fira. Ranar da ta miƙe bisa hanya, ku dubi fuskarsa! Motar roba ta kanti, in ta karye, sai kuka. Motar kara kuwa, in ta karye, mai ita ya san inda zai gyara, don shi ya ƙera ta.

Haka keke yake. In taya ta sace, a fid da robar ciki, a hura mata iska, a tsoma ta cikin ruwa. Inda kumfa ya fito, nan hujin yake. A goge wurin, a shafa gam, a jira ya sha iska, kana a liƙe. Mai gaggawa, liƙinsa ba ya kwana. Ashe gyaran keke yana koya wa mutum haƙuri da lura.

Gida ma yana son hannun masu shi. Kafin damina ake yaɓe. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta yi kwanaki, kana a shafe bango. Ana share indararo don ruwa ya samu hanya. Yaron da ya ɗauki laka a ranar yaɓe, in hadari ya taso, barci yake yi da kwanciyar rai. Ya san ɗakin ba zai yi yoyo ba, kuma da hannunsa a ciki.

Wani zai ce wannan duk wasa ne, yana cinye lokacin karatu. Gaskiya ne, kowane abu da lokacinsa. Ba a barin darasi don motar kara, kuma ba a ɗaukar wuƙa ko reza sai da sanin babba. Amma mai auna kara lissafi yake yi. Mai neman hujin taya bincike yake yi. Hannu da ƙwaƙwalwa ba kishiyoyi ba ne.

Kada kuma ku ce aikin laka ba ya kai mutum ko'ina. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a shekarar 1962. Mutanen gari ne suka taya shi, wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa. A shekarar 1986, masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Yama ya zaga duniya.

Saboda haka, ran da babu lakwal, kada ku zauna hannu sake. Ku gyara kujerar da ta karye, ku sa wa sarƙar keke mai, ku taya baba yaɓe. Na farko ba zai yi kyau ba, amma da koyo akan iya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Mi ke sa motar kara ta karkace?
2. Yaya ake gane hujin taya?
3. Mi ka taɓa ƙerawa ko gyarawa da hannunka?