Kunnen Aboki Kafin Idon Alƙali

Duk wanda ya taɓa zama a zauren marubuta na WhatsApp ko Facebook ya san yadda abin yake gudana. Matashi zai kwana yana rubuta fitowa uku ko huɗu na labarin fim ɗin da yake shirin kaiwa gasa, ya tura, ya roƙi a duba masa. Kafin a jima amsoshi sun cika zauren: ma sha Allah, Allah ya ƙara basira, alƙalami ya ci gaba da zuba. Addu'o'i ne masu kyau, babu mai raina su. Sai dai idan wa'adin gasa ya cika, rubutun zai isa gaban alƙalai da duk raunin da yake ɗauke da shi tun ranar farko, domin a cikin waɗanda suka yaba babu wanda ya ce shafi na huɗu ya sa shi hamma. Sakamako ya fito babu sunansa, kuma yawancin gasa ba sa aiko wa wanda ya faɗi da dalilin faɗuwarsa. Ya rasa kyautar, ya kuma rasa darasin.

Wannan hasara ta fi ciwo ga mai rubutu a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kusa a hanya amma nesa a sana'a. Furodusoshi da daraktoci da ƙwararrun marubuta suna birni, kuma a can ne mai koyo kan samu wanda zai karɓi takardarsa ya ja layi a ƙarƙashin kuskure. A arewa maso yammacin Jigawa akwai matasa masu ilimi da ƙishirwar rubutu, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne edita. Wanda ba shi da edita kuwa, abokan rubutunsa su ne editansa, kuma idan suka zaɓi kara a kan gaskiya to sun bar shi shi kaɗai.

Tarihin adabin Hausa ya nuna cewa gasa da gyara tare suka taso. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Amma abin bai tsaya a kan raba kyauta ba. A 1936 Imam ya bar ajinsa na makarantar Midil ta Katsina ya yi watanni a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, East yana bin rubutun tare da shi. Shekaru da yawa bayan haka, marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suka tallafi juna a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i ba su waiwaye su ba. Daga cikin littattafan wannan ayari ne In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kwikwiyo suka koma fim. Hannu ɗaya bai taɓa ɗaukar jinkar adabin nan ba.

Shi kuwa rubutun fim ya fi kowane irin rubutu buƙatar kunnen wani. Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, an daɗe ana aiki da taƙaitaccen labari: darakta ya bayyana wa 'yan wasa abin da fitowa ta ƙunsa, su kuma su samar da kalaman daga bakinsu. Gogaggen ɗan wasa yakan rufa wa raunin marubuci asiri. Zuwan finafinai masu dogon zango ya sauya lissafin. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta gina Daɗin Kowa a kan ayarin marubuta, cikinsu har da Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, sannan Kwana Casa'in da Gidan Badamasi da Labarina suka saba wa masu kallo da zance mai nauyi wanda aka zauna aka tsara. Yau alƙalin gasa takarda kawai yake gani. Babu jarumin da zai ɗaga gira ya ceci layi maras rai.

To me ke hana abokai faɗin gaskiya? Kunya da kara ne a gaba, kuma ɗabi'u ne da al'umma ke alfahari da su. A ƙaramin gari wanda ka kushe wa labari yau shi za ka tarar a sahun sallar Magariba, wataƙila ma yayansa ne ke auren ƙanwarka. Akwai kuma tsoron a ce hassada ce. Saboda haka mutane kan rabu biyu: masu yabo ba iyaka, da ɗaiɗaikun da idan suka buɗe baki sai sun yi kaca-kaca da rubutun da mai rubutun gaba ɗaya. Dukkansu ba su amfani marubuci ba. Maganin shi ne a cire sukar daga hannun hali da yanayin zumunci, a ɗora ta a kan ƙa'idar da kowa ya amince da ita tun kafin a buɗe shafin farko.

Ƙa'ida ta farko ita ce a karanta a bayyane. A raba taurarin labarin ga mutanen da ke zaune, wani ya ɗauki bayanin fitowa, marubucin kuma ya yi shiru yana sauraro da biro a hannu. Ba a buƙatar kyamara ko kuɗi. Tabarma a zaure ko benci a harabar makaranta sun wadatar. Kunne yana kama abin da ido ke tsallakewa. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe, jimlar ta yi tsawo. Inda aka yi dariya a wurin da aka so a yi kuka, an samu matsala. A tsarin rubutun fim da aka saba da shi a duniya, shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo, don haka agogo ma alƙali ne: fitowar gaisuwa da ta ci minti uku ba tare da labarin ya motsa ba ta nemi almakashi.

A irin wannan karatu ne ake gane zancen da aka aro daga finafinan waje aka saka masa rigar Hausa. A ɗauki misali: marubuci ya sa uwa a wani ƙauyen Roni ta kira ɗanta na fari da sunansa na yanka, ta ce masa tana matuƙar ƙaunarsa kuma zuciyarta za ta karye idan ya tafi. A takarda layin yana da daɗi. Da an furta shi, duk wanda ya tashi a gidan gargajiya zai ji wani abu ya karce masa kunne, domin uwar da ke kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kamawa. Irin wannan uwa za ta ɗaure masa ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, ta kau da kai ta ce, “To, Allah ya kiyaye hanya. A dai riƙa sallah a kan lokaci.” Duk ƙaunar tana cikin ƙullin da kau da kan. Haka matar da ba ta kiran mijinta sai da Malam ko Maigida, haka ƙanen da ba zai dubi idon yayansa ya ce ƙarya yake yi ba, sai dai ya ce, “Yaya, anya kuwa haka aka yi?” Bahaushe ya fi faɗin babbar magana a kaikaice, da habaici ko karin magana ko shiru. Zancen fim da ya bayyana duk abin da ke zuciyar tauraro ya bar ɗan wasa ba aikin yi, ya bar mai kallo ba abin ganowa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce mai suka ya faɗi abin da ya same shi yayin sauraro, ya bar wa marubuci neman mafita. “A nan na daina gane dalilin da ya sa ta koma gidan” magana ce mai amfani, domin shaida ce da ba a musunta ta. “Da ni ne da na sa ta gudu Legas” wani labari ne daban, na mai maganar. Kamfanin Pixar na Amurka ya shahara da zaman da manyan masu shirya finafinansa ke yi su fayyace wa darakta raunin aikinsa ba sani ba sabo, kuma kamar yadda Ed Catmull ya bayyana a littafinsa na 2014, zaman ba shi da ikon tilasta wa daraktan ya bi shawara. Rashin wannan iko ne ya sa ake iya faɗin gaskiya, ake kuma iya jin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wani lokaci sai baƙo ya nuna masa inda tabarma ta jiƙe.

Ƙa'ida ta uku ita ce a fara da ginshiƙi kafin ado. Wane ne tauraron, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan ya gaza? Idan mutum biyar suka saurari labari suka ba da amsa biyar mabambanta, gyaran ƙa'idojin rubutu ba zai cece shi ba. Bayan an daidaita wannan sai a sauko kan kalmomi, sannan a duba sharuɗɗan gasar ɗaya bayan ɗaya: adadin shafuka ko kalmomi, jigon da aka gindaya, ranar rufewa. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, tana da iyakar kalmomi da sharuɗɗa bayyanannu, kuma abin takaici ne rubutu mai kyau ya faɗi a kan abin da aboki zai iya ganowa cikin minti biyar.

Akwai hujjoji biyu masu nauyi da ake kawowa a kan wannan tsari. Ta farko tsoron satar fasaha. Kukan an sace labari tsoho ne a harkar fim, kuma wanda ba shi da suna ba shi da murya idan aka zalunce shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin da aka rubuta, ba ta kare tunanin da ke yawo a baki. Ma'anar wannan ita ce wanda ya ɓoye labarinsa a ka yana ba da shi a hira ya fi kowa shiga haɗari. Wanda ya rubuta cikakke, ya aika wa kansa ta imel mai ɗauke da kwanan wata, ya karanta a gaban mutum biyar da suka san shi, ya tara hujja da shaidu. Abin da hikima ta hana shi ne jefa cikakken rubutu a zauren mutum ɗari biyu da ba a san fuskokinsu ba. Ƙaramin da'ira na amintattu ya fi.

Hujja ta biyu ita ce makaho ba ya yi wa makaho jagora: me ɗan koyo zai koya wa ɗan koyo? Gaskiya ne aboki ba zai maye gurbin ƙwararre ba, kuma akwai haɗarin 'yan da'ira ɗaya su koma rubutu iri ɗaya. Amma abin da ake nema daga gare shi shaidar mai kallo ce, kuma kowa gwani ne a kan sanin inda ya gaji ko ya ruɗe. Domin kauce wa zama kamar an buga da hatimi ɗaya, a riƙa gayyato kunnen da ba na marubuci ba: tela, malamar firamare, direban motar haya, dattijuwar da ta san yadda ake biko da yadda ake rabon gado. A kuma riƙa karanta wasannin da suka gabata, irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, a bayyane kamar yadda ake karanta sabon rubutu, a ji yadda magabata suka sa kowane tauraro ya yi magana da bakinsa.

A nan ne nisa da birni ke zama riba. Yankin nan mahaɗa ce: Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da jihar Katsina, Babura tana kusa da iyakar Nijar, Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura. Kunnen da ya tashi a nan ya saba jin “masa” da “mashi” a kasuwa ɗaya, ya san Hausar Bafulatanin ruga, da ta ɗan fito a bakin iyaka, da ta masunci a bakin dam. Marubuci mai koyo yakan goge duk wannan ya sa kowa ya yi Kanancin fim, yana zaton shi ne ƙwarewa. Abokin da zai ce masa “mutumin garinmu ba ya faɗin haka” ya ba shi abin da babu wani darasin intanet da zai ba shi. Alƙalin da ya karanta labarai masu yawa a kan ɗan attajiri da 'yar talaka a unguwannin masu kuɗi zai farka idan ya ci karo da muryar da bai saba ji ba.

Kyauta a gasa ta mutum kaɗan ce. Ko gasar Nicholl ta Amurka, wadda aka fara a 1986, ta yi shekaru tana karɓar dubban rubuce-rubuce tana zaɓar waɗanda ba su wuce biyar ba a shekara. Mafi yawan masu shiga kowace gasa za su koma gida hannu rabbana, kuma abin da zai rage musu shi ne abin da suka koya kafin su tura. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Mutum biyar, yamma ɗaya a mako, shafi goma a kowane zama, da alkawarin cewa abin da aka faɗa a kan takarda ba zai bi kowa gida ba: wannan ya isa a fara. Bayan an gama, an nuna inda ya yi yoyo, sai a rufe da addu'ar ƙarin basira, a lokacin tana da wurin sauka.