Guzurin Matafiyi: A Tambaya Kafin A Naɗe

Yunwa ce ta kama mu a birnin San Faransisko na Amurka, muka faɗa gidan abincin 'yan Meziko a unguwar Mission. Abincinsu burito: a shimfiɗa faffaɗar gurasar alkama, a zuba shinkafa da wake da nama da yaji, a naɗe kamar tabarma. Da Sifaniyanci sunan yana nufin ɗan jaki. Ganin wake da shinkafa, muka ce mun iso Nima.

Sai wani ɗan'uwa da ya daɗe a can ya ce mu dakata. Ashe dakakken waken nan sau da yawa da kitsen alade ake soya shi, wani lokaci har gurasar da shi ake kwaɓawa. Manteka suke kiransa. Karnitas kuwa naman alade ne zalla.

Muka tambayi mai girki, muka zaɓi na ganyaye da waken da aka dafa ba kitse, muka ƙoshi.

Don haka, matafiyi, ka tambaya tun abin yana buɗe, in an naɗe ba ka ganin cikinsa. Matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.